Mun Je Argungu Ɗauko Agwagwa

Yayana yana hira da agwagwa. Gara in faɗa tun yanzu, kada daga baya a ce na ɓoye abin kunyar gidanmu. Kuma ba agwagwar gaske ba ce, wadda in rana ta ɓaci za a yanka a yi farfesu. Ta roba ce, ruwan ɗorawa, ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Tana zaune gefen kwamfutarsa da baki a buɗe, kamar wadda aka gaya wa kuɗin buhun albasa.

Sana'arsa rubuta manhaja. Baba dai in an tambaye shi aikin babban ɗansa cewa yake yi "danne-danne". Dangi kuwa sun gama yanke hukunci cewa mai gyaran waya ne, shi ya sa duk wadda wayarta ta faɗa tukunyar miya sai ta ƙullo ta a bakin zane ta nufo gidansa da ke Gesse, cikin Birnin Kebbi. Gaskiyar magana shi ke rubuta abin da ke cikin waya, wanda in ka taɓa nan sai can ya buɗe. A lokacin yana kan wata manhaja ta manoman shinkafa na wajen Augie, wadda mutum zai kama layin injin casa da ita daga gida, ba sai ya je bakin inji ya yi kokawa da maƙwabcinsa ba.

In manhaja ta ƙi yin abin da aka sa ta, masu sana'ar cewa suke yi ƙwaro ya shiga. Dabarar Yaya ta kama ƙwaro ita ce ya juyo da agwagwar ta fuskance shi, ya yi ta yi mata bayanin aikin layi bayan layi, kamar malamin aji ɗaya. Wai a cikin bayanin ne yake jin inda ya yi shirme da kunnensa. Ranar da na fara jin haka, daga gidanmu na Gwadangaji na zo bayan mun gama jarabawa, an turo ni in taya matarsa aiki saboda cikinta ya tsufa. Na ji murya ƙasa-ƙasa daga ɗakin aikinsa: "Kin gane ko? To daga nan sai mu koma sama." Na leƙa, ba kowa. Na ruga kicin.

"Anti, a kira malamin ruƙiyya. Yaya ya gamu."

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. "Rabu da shi. Duk Kebbi ita kaɗai ke iya sauraron bayaninsa har ƙarshe."

Sai Anti ta haihu, mace. Nan labarin ya fara, domin a danginmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya yi masa wasa, ba ya kiran sunansa. Shi kansa Yaya ɗan fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. In yana kusa "kai" ne, in ya yi nisa "wancan". Ranar da mai buga katin aure ya tambayi Baba sunan ango, ni aka kira daga wajen wanke-wanke na zo na faɗa, hannuna duk kumfa.

A asibiti, da ma'aikaciya ta fito da jaririya naɗe cikin tawul, Yaya ya manta da duk tarihin nan. Ya miƙa hannu biyu. Ban san daga ina Gwaggo ta ɓullo ba. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ita ce shugabar hukumar kula da kunya ta danginmu, reshen Kebbi har da kewaye.

"Kai! Mi kaka yi? Ɗiyar hwari ta. Ina kunyarka?"

Ta sure jaririyar. Yaya ya tsaya da hannu biyu a miƙe a tsakiyar jama'a, ba abin da zai ɗora a kai. Da yake yana da ƙwaƙwalwa, sai ya juya tafukan sama ya fara addu'a. Duk wanda ke zaune a bencin nan ya ɗaga hannu. Har wani mai karyayyar ƙafa ya ce amin. Addu'ar ta yi tsawo, don bai san yadda zai sauke hannun ba.

Satin suna gidan ya cika da mata, Gwaggo kuma ta kafa kujera a bakin ƙofar ɗakin mai jego kamar soja a shingen hanya. Yaya ya riƙa ɓatar da cajar wayarsa. Safe ta ɓace, rana ta ɓace, kuma ko yaushe a ɗakin nan yake zaton ya bar ta. Ya shiga yana duba ƙarƙashin gado, idonsa na kan gadon. Ko da zai yi wa jaririyar kiran salla a kunne, Gwaggo ce ke riƙe da ita, shi ya sunkuya da hannu a baya kamar mai duba kifi a kasuwa ba shi da niyyar saye. Ya ɗan daɗe a sunkuye, sai Gwaggo ta ce, "Kiran salla anka ce, ba huɗubar Juma'a ba."

Aka kuma sa mata sunan Innarmu. Makulli biyu ke nan: ɗiyar fari, kuma takwarar mahaifiyarsa. Mutumin da ke raɗa wa abubuwa suna a kwamfuta tun safe har yamma ya koma kiran 'yarsa "abin nan". "Abin nan ta yi barci?" "Abin nan ce ke kuka?" Kamar gidan akwai wata mai kuka, ni ko Gwaggo.

Washegarin suna mutanen Anti suka zo da mota daga Argungu suka tafi da ita wankan gida. Gwaggo ce ta haɗa kaya. Ta bi ɗaki-ɗaki tana kwashe duk abin da ya yi kama da na jarirai, ta shiga har ɗakin aikin Yaya, ta ga 'yar agwagwa ruwan ɗorawa a kan tebur. Wane mai hankali ne zai ce wannan kayan aikin magidanci ne? Ta jefa ta cikin bahon wanka. Mota ta tashi da matarsa, da 'yarsa, da abokiyar shawararsa. Aka bar masa ni, in dafa masa abinci. Har lokacin bai taɓa riƙe yarinyar ba, ko na ƙiftawar ido.

A daidai lokacin ƙwaro ya ga dama ya shiga manhajar. Shinkafa ta nuna, an fara yanka, manoma na kama layi. Wasu in sun kama sai manhaja ta amsa musu da fara'a, sannan layinsu ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Inji ya wuce gonarsu ya tafi ta wani. Wayar Yaya ta koma kukan safe da yamma, ya riƙa cewa "ana kai, ana kai" da muryar wanda ba ya kan komai. Ya birkice ɗakin yana neman agwagwa. Da na gaya masa inda take, ya zauna a ƙasa.

Ya gwada ni. Ya zaunar da ni a kujera ya ce in yi shiru in kalle shi kawai. Ni da aka taɓa kora daga aji saboda na ba malami amsar tambayar da bai riga ya yi ba. Layi na farko na ce me ya sa rubutun launi-launi ne. Layi na biyu na ce ya gwada kashewa ya kunna. Ya ce in tashi. Sai ya ɗauko wata ƙatuwar albasa daga kwandon da manoman suka aiko masa, ya zana mata ido biyu da biro, ya ɗora a inda agwagwar take. Sun fara sabawa ke nan na shiga neman albasa, na ga wannan ta fi kowacce kyau. Da rana yana cin shinkafa da miya ya ce ina mai sauraronsa. Na ce ga ta nan a cokalinka.

Amma ni na san ba ƙwaro ne kaɗai ke cinsa ba. Maƙwabcinmu mutumin Filato ne, ma'aikacin asibiti, matarsa ta riga Anti haihuwa da kaɗan. Shi ba ruwansa. Ranar Lahadi kafin su tafi coci zai rungumo ɗansa a ƙirji ya yi ta zagaye a ƙofar gida yana yi masa waƙa, yana kiran sunansa da ƙarfi kamar mai talla. Yaya ya tsaya a taga yana kallo, shayi na hucewa a hannunsa, sai maƙwabcin ya hango shi.

"Maigida! Ya baƙuwa? Ta yi nauyi yanzu ko?"

"E to," in ji Yaya. "An ce."

"An ce? Kai ba ka ɗaga ka ji ba?"

Yaya ya ce wayarsa na ƙara, ya sauke labule. Wayar tana hannuna ina wasa da ita.

A nan ne ma na ga abin da na gani. Anti na turo masa hotuna, shi kuma yana ɓoye su a wata jaka da ya sa wa suna "takardun aiki". In yana zaton ba na kallo sai ya buɗe, ya ja hoton da yatsa biyu har tafin ƙafar yarinyar ya cika fuskar wayar. In ya kira Anti kuwa, da yake mahaifiyarta na kusa, gaisuwa ce kamar ta mai neman ƙuri'a. Ya Baba, ya Hajiya, ya ruwan zafi, ya mutanen fadama, ya awaki. Sai can ƙarshe: "Ya… kowa da kowa?" Wata rana da la'asar na shiga kicin na same shi rungume da ƙaramin buhun garin masara, ya tallafo masa kai da tafin hannu, yana jijjiga shi a hankali. Ya ce nauyinsa yake aunawa, wai masu shago sun fara ha'inci. Na ce Allah ya raya.

Sai Gwaggo ta zo duba ko ina dafa abinci ko ina kashe ɗan yayanta da indomi. Tana shan ruwa ta saki labari: mutanen Argungu sun ce ba arba'in kaɗai za a yi ba. Haihuwar fari ce, sai ɗiya ta yi ƙwari, ta fara zama, sannan a dawo da su.

"Madalla," in ji Yaya. Ya faɗe ta kamar wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla.

Da safe ya buga mini ƙofa. "Shirya, za mu Argungu."

"Ganin abin nan?"

"Ɗauko kayan aiki. Manoma na jira."

Ya fito cikin shaddarsa ta ɗaurin aure, ya yi wanka da turare har sauro na faɗuwa a bayansa. Muka tsaya kasuwa ya sayi sabulai, da atamfa, da 'yan riguna ƙanana, da safa wadda ko babban yatsana ba zai shiga ba. Na ce ashe agwagwar tana jin sanyi. Ya ce in na ƙara magana zai sauke ni in hau kabu-kabu in koma. Duk hanyar, fadama dama da hagu ana yankan shinkafa, shi kuma yana maimaita abin da zai faɗa wa surukinsa, yana gyara hula a madubi.

Mahaifin Anti dattijo ne manomi, mun same shi a zaure kan buzu. Yaya ya cire takalmi tun daga nesa, da na ƙyale shi da a Birnin Kebbi zai cire. Ya durƙusa. Aka yi gaisuwa har gwiwata ta fara ciwo, ni da ke tsaye.

"Lahiya dai kunka taho da rana haka?"

"Lafiya lau, Baba. Wani ɗan kayan aiki ne aka haɗo da shi cikin kaya."

"Wane iri?"

Yaya ya kalli ƙasa, ya kalle ni. Na kalli rufi.

"Agwagwa ce, Baba."

Dattijon ya juya maganar a ransa. Bai tuna an sauke agwagwa daga mota ba, amma suruki ya taso tun daga Birni cikin shadda yana neman agwagwa, ai ba a barinsa ya koma hannu sake. Ya ƙwala wa yara kira. Kafin Yaya ya haɗa kalma biyu tsakar gida ta kaure, ana ihu ana ture kwanuka. Aka shigo da wata ƙatuwa, baƙa da fari, mai jan fuska, tana hura hanci kamar Gwaggo. Dattijo ya karɓa ya ɗora wa Yaya a hannu da kansa.

"Wagga ta hi kowace ƙiba. Riƙe ta da kyau, tana da ƙarhi."

Wa zai ce wa surukinsa a'a? Haka Yaya ya zauna a zauren nan, rungume da agwagwa a ƙirji, ya tallafo mata wuya yadda ya koya a buhun gari. Duk atisayen da ya yi, ga inda ya ƙare. Ni na shige cikin gida kafin dariya ta kashe ni a gaban manya.

Ciki ƙamshin hayaƙi da ganyen darbejiya, tukunyar ruwan wanka na kan murhu. Anti ta yi fes ta yi kumatu, kunun kanwa ya karɓe ta. Jaririyar kuwa ta canja gaba ɗaya. Wadda aka tafi da ita ja ce, a yamutse kamar tsohuwa. Wannan ta cika, wuya ya yi layi, ido tar a buɗe. Na ɗauke ta na yi ta kallonta, domin waccan ta farkon ta tafi ke nan, kuma ubanta bai taɓa riƙe ta ba.

Mahaifiyar Anti, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta ce mene ne wannan hayaniya ta agwagwa. Na zauna na zayyana mata komai, har da albasa, har da buhun gari, don ni ba a ba ni amanar da ta shafi dariya. Ta saurara ba ta ko murmusa ba.

"Ita agwagwar tana ba shi amsa?"

"A'a, Hajiya."

"Tana gane abin da yaka hwaɗi?"

"Roba ce fa."

"Aikinta dai ta zuba mai ido ta yi shiru."

"Shi ke nan aikin."

Agwagwar robar tana nan zaune a kan taga, kowa na ganinta. Hajiya ta dube ta. Ta ɗauki wani zanen goyo ta yafa a kai, ta gyara gefe da gefe.

"To ni dai yanzu ban ga agwagwa ba," ta ce. "Ki ce mai ya saki waccan ya shiga ɗakin baƙi. Malam zai tahi masallaci. Ni kuma zan duba ruwan wanka, iccen ga ɗanye na, zan daɗe." Ta nuna jaririyar da haɓa. "Ki kai mai wagga. Ita ma ba ta amsawa, ba ta ganewa, ido kawai gare ta. Ki ce aro na, har a ga tashi ta roba."

Da ta fita na juya wajen Anti. "Ke ba ki ga agwagwar a cikin kaya ba tun muna Gesse?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

"Mai jego ba ta son yawan magana," ta ce, ta ci gaba da shan kununta.

Na sami Yaya a ɗakin baƙi, kwamfuta a buɗe kan tabarma, gashin agwagwa manne a shadda. Na ce, "Hajiya ta ce ta roba ba ta ganu ba. Ga aro."

Ya kalli ƙofa. Ya kalli taga. Ya kalli rufi, ko Gwaggo za ta faɗo daga can. Sannan ya goge tafukansa a riga ya miƙo hannu biyu, yadda ya yi a asibiti, wannan karon kuma aka ɗora masa abu a kai.

Ina da abin tsokana da na tanada tun daga mota, amma ban faɗa ba. Ya riƙe ta nesa da jiki kamar tiren ƙwai, sannan a hankali ya jawo ta har kanta ya kwanta a lanƙwasar hannunsa. Ta kama masa yatsa. Ruwa ya gangaro masa gefen hanci, ya ce ɗakin ne ba iska. Na ce ƙwarai, Argungu akwai zafi, musamman a ido.

Da ya tuna aro aka ba shi don aiki, sai ya gyara murya ya juya ta ta fuskanci kwamfutar.

"To. Kin ga nan? Manomi zai buɗe nan ya ce yana son inji. Sai mu ce wace gona. Ya zaɓa. Kin gane?" Ta zuba masa ido, baki a buɗe. Wallahi sak agwagwar. "Yawwa. Sai mu tambaye shi sunan mai gonar. In tasa ce ya sa sunansa. In ta ƙanensa ce ya sa na ƙanensa. In ta ɗansa ce ya sa na ɗansa. Ai ba wuya. Ko ba haka ba, ke…"

Ya buɗe baki zai kira ta. Sunan ya zo har bakin haƙora ya tsaya, kamar kullum. Ya zauna haka, baki a buɗe, su biyu suna kallon juna kamar 'yan tsaki.

"In babban ɗansa ne fa?" ya ce a hankali.

Ni ban gane ba sai da ya yi ta duba abin da manoman suka aiko. Dattijan Augie ne ke kama wa 'ya'yansu layi. A kan na biyu da na uku ba matsala. In aka zo kan gonar ɗan fari, ba mai rubuta suna. Wasu su tsallake wurin, manhaja ta ga ba suna ta watsar da layin. Wasu su rubuta abin da suke kiransa da shi a gida, manhaja kuma ta ɗauka duk mutum ɗaya ne mai gonaki rututu, ta ba shi layi guda ta share sauran. Yaya ya gina abu yana zaton kowane uba zai iya faɗin sunan ɗansa. Shi, wanda aka kira ni daga wanke-wanke saboda katin aurensa.

"Wancan!" ya ƙwala ihu. "Wancan ne! Duk wancan suka sa!"

Jaririyar ta firgita ta tsandara kukan da ya tashi tantabarun unguwa. Yaya ya miƙe zumbur, ya ɗora ta a kafaɗa yana bubbuga bayanta yana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ba da ke nake ba. Takalma suka fara ƙara a tsakar gida. Anti ta shigo, ƙannen Hajiya biyu suka shigo, yara suka cika taga. Sai ga dattijo da kansa, ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya daskare. Ya juyo wajena yana miƙo mini ita da ido, yana roƙo. Na mai da hannuna baya, na sunkuya kaɗan kamar mai duba kifi a kasuwa. A wajensa na koya.

Ita kuwa ta zaɓi lokacin ta yi gyatsa, ta sauke masa nono tun daga kafaɗa har aljihun shaddar ɗaurin aure, ta lafe a wuyansa ta yi shiru. Suruki na kallon suruki, ɗiyar fari a tsakani. Na ce a raina yau sai ƙasa ta tsage Yaya ya shige, mu koma Birni ni da kwamfuta.

Hajiya ta ratso ta bayan mijinta tana goge hannu.

"Malam, mi kaka kallo? Agwagwa ta yaka riƙe. Aiki yaka yi, ku ba shi wuri."

Dattijon ya dubi Yaya, ya dubi abin da ke kafaɗarsa. Gemunsa ya motsa.

"Ashe an samu agwagwar," ya ce. "To Allah shi ba da sa'ar aiki."

Ya juya ya fita. Ina ganin kafaɗunsa na rawa har ya shige zaure.

Yaya ya gyara manhajar da hannu ɗaya, ɗayan kuma bai sake shi ba har la'asar sakaliya. Aka kawo farfesun kifi da tuwon shinkafa. Da yake suruki ba ya cin abinci a gidan surukai, na sadaukar da kaina na ci nawa da nasa, don kada a ce mun raina girki. Da za mu tafi Hajiya ta ce har yanzu ba a ga ta robar ba, amma in aiki ya sake cijewa a zo a duba, ƙila a dace. Mai jan fuskar kuwa dattijo ya sa aka ɗaure mata ƙafa aka saka a but ɗin mota. Kyauta ce, ba a mayarwa.

Ban taɓa ganin manhaja mai yawan ƙwari irin wannan ba. Manoma sun daina kira, inji na zuwa gonar kowa, amma duk ƙarshen mako sai wani sabon ƙwaro ya ɓullo wanda ba ya kamuwa sai a Argungu. Sunan kuma ya bi yarinyar. Gwaggo ta yi bincike iya bincikenta ba ta samo dokar da ta hana uba cewa "agwagwa" ba, tun da ba suna ba ne, kuma ba yabo ba ne. Yaya ya riƙa faɗinsa a gaban kowa, da ƙarfi, kamar maƙwabcinmu. "Agwagwa ta tashi?" "A sa wa Agwagwa hula."

Ranar da aka dawo da su Gesse, ta fara zama ana tokare ta da filo, Baba ya zo daga Gwadangaji, Gwaggo na biye. Jika ba a jin kunyarsa, don haka ya ɗauke ta yana tsokana, wai an ce masa kyakkyawa ce ashe baki ne kawai. Ta saurare shi da kyau, sannan ta jiƙa masa babbar riga. Baba ya ɗaga ta sama yana waige-waige. Yaya na tsaye can bakin ƙofa, hannu a baya. Na jira in ji "kai".

"Uban Agwagwa," in ji Baba. "Zo karɓi kayan aikinka."

Yaya ya amsa "na'am" da ƙarfin da ya sa mai jan fuska ta tashi da gudu a tsakar gida. Ya zo ya karɓe ta da hannu biyu, a gaban Baba, a gaban Gwaggo. Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi yayanta, ta rufe, ta ce ni in tashi in kawo ruwa a wanke riga, wai zaman me nake yi ina washe haƙora.